Kada Tsadar Haya Ta Raba Mu Da Zariya: Kira Ga Jama'ar Kongo Da Cikin Ganuwa



Ya ku mutanen Kongo da Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun, ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu na cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, daga Kwarbai har Limancin Kona, ina kira gare ku a kan abin da kowa ya sani, kowa yake gunaguni a kansa a zaure da majalisa da ƙofar masallaci, amma har yau ba mu zauna mun yi masa taron dangi ba. Maganar muhalli nake yi: ɗakin da mutum zai kwana, ruwan da zai sha, kwatar da ke ƙofar gidansa, da abin da zai rage masa a aljihu bayan ya biya mai gida. Zaman Zariya yana neman ya gagari 'ya'yan Zariya, kuma idan muka ci gaba da shiru, za mu wayi gari garin yana nan amma mutanensa sun watse.

Ku dubi abin da ke faruwa a unguwanninmu. Magidanci ya shekara goma a gida, a nan aka yi sunan 'ya'yansa, a nan ya san limami da mai shago da mai unguwa. Wa'adi yana cika sai dillali ya yi sallama da saƙo: an ƙara kuɗi, ko ka biya ko ka tashi, akwai mai jira. Saurayi ya haɗa lefe da gumin goshinsa, an sa rana, amma ɗakin da zai ajiye amarya ya gagara, ana ta ɗaga biki. Malamin firamare ya gudu daga tsadar Tudun Wada ya koma bayan gari, sai ya tarar abin da ya rage a haya ɗan acaɓa da mai Keke Napep sun karɓe shi kafin wata ya raba. Ɗalibai huɗu ko biyar sun cunkushe a ɗakin da aka gina domin mutum ɗaya, banɗaki ɗaya ga gida duka. Matar da mijinta ya rasu tana rungume da marayu, ba ta da mai tsaya mata, ita ce ta farko da ake wa barazanar fitar da kaya waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙon labari a kunnenku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin mu yi maganar gyara, mu tuna ko mu su wane ne. Zariya ta yi suna da ilimi tun kafin zuwan Bature, kuma abin da ya ba ta wannan suna shi ne buɗaɗɗen zaure. Almajiri yakan taso daga Katsina ko Bauci ko ƙasar Nufe ya sauka a Unguwar Juma ko Kona, malami ya ba shi wurin shimfiɗa tabarma, maƙwabta su ba shi tuwo, ya yi shekaru yana karatu ba wanda ya tambaye shi ko sisi. Da ilimin zamani ya zo, a kan wannan hali ya sauka. A shekarar 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo. A 1949 Kwalejin Barewa ta dawo Zariya. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, Kongo ta zama ɗaya daga cikin harabobinta, inda ake karatun shari'a da na mulki. A 1964 Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta biyo baya. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga darajarta zuwa jami'a, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Asibitin Koyarwa da ke Shika, ga barikin horar da kuratan soja. Alƙalai da manyan ma'aikata da gwamnoni da yawa na Arewa a ɗakunan unguwanninmu suka kwana suna samari, ruwan rijiyoyinmu suka sha. Arzikin Zariya baƙo ne, kuma garin da baƙo ne arzikinsa bai kamata a san shi da matse ɗan haya ba.

Waɗannan makarantu su ne albarkarmu, su ne kuma suka sa neman ɗaki ya fi ɗakunan yawa. Kowace shekara dubban ɗalibai suna shigowa, ɗakunan kwana na cikin makarantu ba sa ɗaukar su duka, sauran sai su bazu cikin Kongo da Gyallesu da Tudun Wada. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Zariya tana da mutum sama da 400,000, Sabon Gari kuma kusan 290,000. Tun daga lokacin an yi ta haihuwa, an yi ta aure, sannan rashin tsaro ya koro iyalai daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da sauran wurare, suka shigo gari neman mafaka. Mutane sun ƙaru, fili bai ƙaru ba. Kamfanonin da a da suke ɗaukar matasa aiki, da tashar jirgin ƙasa da ta raya Sabon Gari, yawancinsu sun yi sanyi. Ga masu neman ɗaki da yawa, ga aljihu babu nauyi.

A kan wannan ne tsadar rayuwa ta sauko. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da gwamnati ke canzarwa a wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Fabrairun shekarar buhun siminti ya wuce Naira 10,000 a wurare da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a tarayya, Jihar Kaduna ta sanar da 72,000. To, mu yi lissafi. Mai ɗaukar 72,000 a wata, abin da zai samu a shekara 864,000 ne. A ce an yanka masa hayar 300,000, kuma an ce sai ya biya a dunƙule: albashinsa na wata huɗu cur bai kai ba, ko da bai sayi tiyar masara ɗaya ba, bai biya kuɗin makaranta ba, bai kai yaro asibiti ba. Wannan ma mai albashi ke nan. Ina ga mai faci da tela da mai sayar da ƙosai, waɗanda sai sun fita suke samu?

Na san abin da wasu za su ce: wannan duk daga sama ne, talaka ba shi da ta cewa. Gaskiya ne ba mu muke yanka farashin fetur ba, ba mu muke sa wa Dala kuɗi ba. Amma ku saurare ni da kyau, domin a nan maganata take. Nauyin da ke kanmu kashi biyu ne. Akwai wanda aka ɗora mana daga Abuja da Kaduna, akwai kuma wanda mu da kanmu muke ɗora wa juna. Ba gwamnati ce ta ce a karɓi hayar shekara biyu a dunƙule ba. Ba gwamnati ce ta ce dillalai uku su ci la'ada a kan ɗaki ɗaya ba. Ba gwamnati ce take zuba shara a kwata da dare ba, ba ita take cike kududdufi ta sayar da fuloti a kan hanyar ruwa ba. Wannan kashi na biyu a hannunmu yake, yau ɗin nan muna iya sauke shi. Kuma jama'ar da ta gyara nata, ita ce ke da bakin da za ta tambayi hukuma nata kason.

Ya ku masu gidaje, iyayenmu da yayyenmu, da ku zan fara, kuma da girmamawa. Mun san da yawanku ba attajirai ba ne. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a ɗakuna huɗu domin ya rufa wa kansa asiri, akwai gwauruwar da hayar shago ɗaya ce abincinta, akwai magada goma da ke jiran kason gida ɗaya. Tsadar da ta taɓa ɗan haya ta taɓa ku. Ba wanda ya ce kada ku ƙara kuɗi in hali ya kama. Abin da muke roƙo shi ne a yi ƙari da sani da sanarwa. Ku faɗa wa mutum tun da sauran watanni, ya san inda zai dafa. Ku karɓi biyan wata-wata ko na wata uku-uku daga wanda samunsa na wata ne ko na yini. Jihar Legas, inda haya ta fi ko'ina zafi, ta yi doka tun 2011 da ta hana a karɓi fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Abin da doka ta tilasta wa mutanen Ikko, mu tsoron Allah da kunyar maƙwabci ba za su sa mu yi ba? Sannan in kun karɓi kuɗi, ku gyara yoyo, ku kwashe masai, ku gina banɗaki daidai da yawan mutanen gida. Wanda ya zuba mutum talatin a gida mai masai ɗaya, ranar da amai da gudawa suka ɓarke ba za su tsaya a ƙofar 'yan haya ba, har ɗakin jikokinsa za su shiga.

Ya ku dillalai, sana'arku tsohuwa ce mai daraja a ƙasar Hausa, kuma gari ba ya yi sai da ku. Amma ku kun sani, mu ma mun sani, akwai waɗanda suka ɓata muku suna. Su ne masu zuwa wurin mai gida su ce, “Alhaji, ai gidanka ya fi haka, ni ina da wanda zai biya ninki,” domin la'adarsu ta ƙaru. Su ne masu karɓar kuɗin gani kafin a ga ɗaki, da kuɗin takarda ba tare da an rubuta komai ba. Su ne masu ba mutum biyu ɗaki ɗaya su kashe waya. Ku tsarkake sahunku. Ku yi rajistar kanku a wurin mai unguwa, a san wane ne dillali a Kongo, wane ne ɗan damfara. Ku tsayar da la'ada ɗaya sananniya, a karɓe ta sau ɗaya, a ba da rasit. Kuɗin da aka samu ta hanyar tayar da magidanci da iyalinsa ba ya albarka, ko da ya yi yawa.

Ya ku 'yan haya da ɗalibai, ku ma akwai naku. Haƙƙi ba ya tafiya ta gefe ɗaya. Wanda ya samu kuɗi ya sayi sabuwar waya ya bar mai gida yana zarya, shi ne ya koya wa masu gidaje neman kuɗin shekara biyu. Wanda ya tashi ya bar ƙofa a ɓalle, bango da zane, bashin wuta a kan mita, ya ja wa na bayansa tsada. Ku biya a kan lokaci, in an samu matsala ku je da kanku ku yi bayani kafin a zo nema. Ku riƙe gidan mutane da amana. Ɗalibai 'ya'yanmu, kun zo unguwar da ke da dattawa da matan aure da yara, ku kiyaye mutuncinta, ita ma za ta kiyaye naku. Kuma kada ku yarda ku ba da ko Naira ɗaya ba tare da rasit da shaida ba. Ku sani cewa fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko cire masa rufi ko ƙofa, ba hurumin mai gida ba ne. Akwai sanarwa, akwai wa'adi, akwai kotu.

Yawancin rigimar haya daga rashin rubutu take tasowa, kuma abin mamaki, maganinta yana tsakiyarmu. A Kongo ake koyar da shari'a, a nan Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci take, a nan ake horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Malamanmu na zaure kuma sun karantar da mu a babin ijara cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗi an san wa'adi. To, ya ku malaman Kongo da ɗalibanku, ga aiki a ƙofar makarantarku. Ku rubuta mana takardar yarjejeniyar haya mai shafi ɗaya, da Hausar da kowa zai gane, a boko da ajami: nawa ne kuɗi, yaushe za a biya, wa zai yi wane gyara, wata nawa za a ba da sanarwa kafin ƙari ko tashi, su wane ne shaidu. A buga ta, a ajiye a wurin kowane mai unguwa da kowane limami. Ku ware rana ɗaya a mako da talaka zai zo ya yi tambaya kyauta. Unguwar da ta ba ku masauki shekara da shekaru ta cancanci ta ɗanɗani ilimin da ake koyarwa a bayan katangarta.

Sai maganar ruwa, wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Tun zamanin Gwamna Namadi Sambo aka ba da aikin babbar matatar ruwa ta Zariya mai iya tace lita miliyan 150 a kullum. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Galma, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka suka ba da rancen shimfiɗa bututu da gina tankuna, aka ƙaddamar da matatar a 2017 zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Amma ku fita da asuba ku ga 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki, ku ga yara da bokitai a layin rijiyar burtsatse lokacin da ya kamata suna aji. Kuɗin ruwa haya ce ta biyu da kowane gida ke biya kullum, ba rasit, ba ragi. Wancan rance kuwa bashi ne a wuyan jiha, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Saboda haka tambaya haƙƙinmu ce. Kowace unguwa ta rubuta layukan da famfo ke zuwa da waɗanda ba ya zuwa, da inda bututu ya fashe, a sa hannu, a kai wa Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna, a nemi amsa a rubuce, a koma bayan wata guda. Mu kuma inda ruwa ya zo mu biya kuɗinsa, mu hana masu fasa bututu da masu jan ruwa ta bayan fage. Haka za mu yi da wutar lantarki: a nemi mita ga kowane gida, a daina biyan kuɗin ƙiyasi a kan duhu, a kuma daina satar wuta da ke ƙona taransifomar da muka yi karo-karo muka gyara.

Ruwan da muke nema da rani shi ne yake rushe mu da damina. Kakanninmu da suka gina birnin nan sun san abin da suke yi. Ramin da suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, shi ya zama kududdufin da ke shanye ruwan sama. Yau mun cike kududdufai da shara mun yi gini a kai, mun matse Kamaca da Kubanni da gidaje, mun toshe kwatoci da ledar ruwa. In sama ta yi awa biyu tana zuba, ruwa ya rasa hanya sai ya bi ta ɗakunan mutane, katangu su faɗi, sauro ya samu wurin haihuwa, kuɗin da za a yi cefane ya tafi kantin magani. Ina aikin gayya da muka gada? Matasan da ke iya cika fili domin ƙwallo ko gangamin siyasa, ba za su kasa yashe kwatar layinsu kafin ruwan farko ba. A fito da shebur da baro, attajirin unguwa ya kawo motar kwashe shara, mata su taimaka da abinci, mai unguwa ya tsaya a kai. Kuma duk wanda ya zo sayar da fili a kan hanyar ruwa, a taru a ce masa a'a, ko ɗan wane ne.

Ku mutanen cikin ganuwa, gidajenku na gado amana ce. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu ya yi kusan shekara 190 a tsaye, masana gine-gine na duniya suna zuwa kallonsa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, muka rasa 'yan'uwa. Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan rana ta bar mana darasi biyu. Na farko, tsohon gini yana son dubawa da yaɓe kafin kowace damina, kuma gidan gado da magada suka bar wa juna, kowa yana jiran wani ya gyara, haɗari ne ga na ciki da na waje. Ku zauna ku raba nauyin gyara tun kafin a raba ku da gidan. Na biyu, ƙasar da muke takawa kayan gini ce mai ƙarko, mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu. Me ya sa za mu ɗauka cewa wanda bai iya sayen siminti ba ba zai taɓa mallakar ɗaki ba? A Samaru akwai sassan koyar da zanen gine-gine da aikin gini da tsara birane. Su haɗa kai da maginanmu na gargajiya, su fito mana da ginin jan bulo da matsattsen tubali mai araha wanda matashi zai iya farawa da ɗaki biyu. Mu kuma mu daina yi wa ginin ƙasa kallon talauci.

Ya ku ma'aikata, tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi a ajiye a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ku bincika abin da aka tara muku, ku tambayi ƙungiyoyinku yadda ake cin moriyarsa. Mai fili ya je hukumar KADGIS ya nemi takardar mallaka, mai shirin gini ya nemi izinin KASUPDA kafin ya sa tubali, domin kada gumin shekara ashirin ya tafi a rusau na yini ɗaya. Masu adashi, musamman iyayenmu mata da suka fi kowa iya riƙonsa, ku buɗe adashin haya da na fili, kada duka ya ƙare a kayan ɗaki da anko.

Ya ku attajiran Zazzau, na gida da na Kaduna da Abuja da Ikko, Allah ya ƙara buɗi. Kun gina masallatai, mun gani, mun gode. Ga wata ƙofar lada da ba ta rufewa: wakafin gidaje. Gida mai ɗaki goma da aka tsayar domin marayu da matan da mazansu suka rasu, ko masaukin ɗalibai marasa ƙarfi da za a karɓi kuɗi kaɗan domin gyara, sadaka ce mai gudana kamar rijiya. Jihar Sakkwato tana da hukuma ta musamman mai kula da zakka da wakafi. Zariya da ta karantar da ƙasa babin wakafi ba ta rasa amintattun da za su riƙe shi ba. Hukumomin makarantu kuma su ba masu hali filin gina ɗakunan kwanan ɗalibai bisa yarjejeniya, domin kowane gado da aka ƙara a cikin makaranta ɗaki ne da ya dawo wa magidanci a unguwa.

Ya ku shugabanninmu, daga kansila zuwa shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, zuwa 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, har zuwa Gwamna Uba Sani: ba mu zo da zagi ba, da buƙata muka zo. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka muna son mu ga abin da aka ware wa magudanan ruwa da kwashe shara da asibitocin unguwa, a manna shi inda kowa zai karanta. Muna son a fitar da sababbin unguwanni masu hanya da ruwa da makaranta kafin mutane su tare, a sayar da fuloti ga mai buƙata, kada ya ƙare a hannun masu saye su ajiye. Muna son dokar haya bayyananniya da za ta kare mai gida da ɗan haya baki ɗaya. A 2023 ɗan Zariya, Abbas Tajuddin, ya zama Shugaban Majalisar Wakilai ta Tarayya; garin da ya kai wannan matsayi bai kamata muryarsa ta gaza kai maganar famfo da kwata inda za a ji ba. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, ya sa albarka a wannan yunƙuri, ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su tsaya a kai, domin maganar da ta fito daga fada tana da nauyin da takardar ofis ba ta da shi.

To, jama'a, daga ina za a fara? Daga layinku, kuma a wannan makon. Bayan sallar Juma'a mai zuwa, ko bayan an taso daga coci ranar Lahadi, mutum biyar su je wurin mai unguwa su nemi a kira taro. A kafa kwamitin muhalli na unguwa: mai gida biyu, ɗan haya biyu, dillali ɗaya, mace ɗaya aƙalla, wakilin ɗalibai, limami ko fasto, mai unguwa ya shugabanta. Aikinsu huɗu ne: su tabbatar kowace haya tana da takarda, su sasanta rigima kafin ta kai ga 'yan sanda, su sa ranar aikin gayya, su riƙa kai kukan ruwa da wuta a rubuce suna bibiya. Limamai su yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin ɗan haya. Matasa masu waya su ɗauki hoton kwatar da aka yashe su yaɗa, sauran unguwanni su yi kishi. Kada a sa jam'iyya a ciki, kada a sa ɗariƙa ko ƙungiya ko ƙabila, domin ambaliya ba ta tambayar katin zaɓe, kuma dillalin banza ba ya tambayar masallacin da kake salla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada wani ya ce shi bai isa ba. In kai mai gida ne, ka fara da ɗan hayarka. In kai ɗan haya ne, ka fara da biyan abin da ke kanka. In ke uwa ce, ki tura ɗanki aikin gayya. In kai malami ne, ka ba da iliminka. In kana da kujera, ka tuna ranar da za ka sauka ka dawo unguwar nan. Kongo ta fara, Tudun Wada ta ɗauka, Gyallesu ta biyo, cikin ganuwa ya ja gaba, har Samaru da Sabon Gari su ji labari su zo tambaya. Ku tashi, Zage-zagi! Garin nan namu ne, ba wanda zai zo daga wani wuri ya gyara mana shi.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mara gida gida, ya sa wa mai gida tausayi, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da Zazzau da Nijeriya lafiya. Amin.